Tela, duba shagonka

In ka ga kana yawan kuskuren awo bayan Azahar, duba shagon kafin ka zargi kanka. Rufin kwano ba silin dafa kai yake, sai lissafi ya rikice. Taga ɗaya ba ta isa, iska na son mashiga da mafita.

Ajiye keke yadda haske zai zo ta hagu, kada jikin keken ya yi wa allura inuwa. Teburin yanka ya kai ƙugu, kamar inci 36. In ya gaza, bayanka zai sha wuya kafin La'asar.

Janareta kuwa, don Allah a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa na kawo ciwon kai da kasalar da ake ɗora wa gajiya, har kisa yana yi.