Yau mun bi sawun tsohon layin dogon kuza a Jengre

Talata. Kai yau na gaji tiƙis, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Da sassafe muka bar Jos ni da Oga da wata ɗaliba mai ɗaukar hoto, muka nufi wajen Jengre domin duba abin da ya rage na ƙaramin layin dogon nan da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru saboda kwasar kuza. Aikin dai shi ne mu cike fom, mu ce wannan wuri ya cancanci a adana shi a matsayin kayan tarihi ko kuwa a'a.

A takardu sunan layin Bauchi Light Railway amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba, kawai dai lokacin Jos tana cikin lardin Bauchi ne. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, shi ƙaramin ya iso Bukuru a 1914, kafin nan kuwa 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka har Loko bakin kogin Binuwai, ka ji wahala. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwar ƙaramin ta fara mutuwa, aka yi ta lallaɓawa dai har aka rufe shi a 1957.

To mun isa, babu dogo ko guda. Ƙarfe ai ba ya kwana a daji, an ɗebe tun tuni, ɗan abin da ya saura kuma 'yan gwangwan sun gama da shi. Abin da muka samu shi ne tudun ƙasar da aka ɗora layin a kai, ya miƙe ɗoɗar cikin gonaki kamar tsohuwar ganuwa, sai wata kwalbati ta dutse da har yanzu ruwa ke bi ta cikinta, sai inda aka yanka gefen tsauni don jirgin ya samu hawa. Muka ja tef, muka auna, muka ɗau lambar wurin a waya.

A nan ne gardama ta tashi. Fom ɗin yana tambaya wai kashi nawa na asalin abin ne ya rage, Oga ya ce gaskiya maki kaɗan zai bayar tunda ba dogo ba tasha ba komai, na ce Oga ranka ya daɗe ai dogon daga waje aka kawo shi a jirgin ruwa, irinsa na nan a ƙasashe da yawa, amma wannan tudun da hannu aka tara shi, kwando kwando, kuma mutanen ƙasar nan ne suka tara, in dai ana maganar abin da ba za a same shi a wani wuri ba to shi ne wannan. Ya yi dariya ya ce to rubuta a gefe. Na kuwa rubuta har na cika bayan takardar. Ni dai a ganina irin fom ɗin nan don gini aka tsara shi, masallaci ko fada, abin da ke tsaye wuri guda, shi kuwa layi tafiyar mil 143 ce, in ka yanko ɗan guntu ka auna shi kaɗai dole ya zama ba komai ba.

Mai unguwa ya haɗa mu da wani dattijo da ya ga jirgin yana yaro. Ya ce min, ɗana, in ya zo hawan nan nishi yake yi, har mukan bi shi da gudu mu cim masa. Muka sha dariya. Amma da hira ta kai kan diban gwamna, wato lokacin yaƙin duniya na biyu da aka riƙa tilasta wa mutane zuwa haƙar kuza daga 1942 zuwa 1944, sai fuskarsa ta canja, ya ce wani ƙanin babansa ya tafi bai dawo ba, sanyin dutse da yunwa. Babu gurbin wannan a fom ɗin ko layi ɗaya. Na nemi izininsa na naɗi muryarsa a waya, ya ce bismilla.

Wani manomi kuma ya tare mu yana tambaya ko gwamnati za ta ƙwace masa gona ne in an ce wurin na tarihi ne, don shi a jikin tudun yake shuka gyaɗa. Tambaya ce mai kyau wallahi, kuma dole amsarta ta shiga rahoto.

Mun dawo bayan la'asar ƙura har cikin kunne. Gobe in Allah ya kai mu gidan tarihi na Jos za mu, mu auna tsofaffin kawunan jirgin da aka ajiye a can, sannan in zauna in rubuta hirar Baba tun wayar nan ba ta yi min halinta ba.