Gudu a tsakar ɗaki saboda hunturu

Sanyin hunturun bana ya hana ni fita gudu bayan sallar asuba, ga ƙura tana shaƙe maƙogwaro. Sai na koma tsakar ɗaki da tsarin Tabata, wanda masanin Japan Izumi Tabata ya yi bincike a kansa a 1996: daƙiƙa 20 kana tsalle ko gudu a wuri ɗaya iya ƙarfinka, daƙiƙa 10 hutu, har sau 8. Nakan ɗumama jiki tukuna. Minti 4 kacal, amma wallahi zufa ke karyo mini, rigar sanyi ma sai na tuɓe. Yanzu ba na saurin haki. Ƙafafu kam sai titi, shi ya sa ranar Asabar da hantsi nake fita gudu mai nisa in ƙura ta lafa.