Wasiƙun da na ɓoye a ƙarƙashin katifa

Ciwon baya ne ya kwantar da ni, na ajiye tasi, wata huɗu ban biya bashin gida ba. Wasiƙun banki suna zuwa gidanmu a Bronx da ke birnin New York, ina tura su ƙarƙashin katifa, ko buɗewa ba na yi. Kunya ce ta hana ni. Da wane baki zan gaya wa uwargida cewa gidan da muka shekara tara muna biya yana neman suɓucewa?

Ranar da take canza zanin gado ta gan su. Ta zauna ta buɗe ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, wannan ai wa'adin kwana 90 ne, kuma ya kusa cika."

A jihar New York banki ba ya sayar da gidan mutum sai ya bi ta kotu, ba kamar Texas ko Georgia ba. Kafin ya shigar da ƙara, dole ya aiko da wannan takarda, ɗauke da sunayen ofisoshi aƙalla biyar masu ba da shawara kyauta. Taimakon yana nan ina kwance a kansa, ban sani ba.

Wata mai ba da shawara a ɗaya daga cikin ofisoshin ce ta ja mini kunne: in an miƙa maka sammaci hannu da hannu, kwana 20 kake da shi ka amsa, in ta wata hanya ya zo, kwana 30. Kuma in aka yi gwanjon gidan, babu sauran fansa. Wani ya buga mana ƙofa yana neman dala 3,000 wai zai tsayar da komai. Ta ce doka ta hana irinsu karɓar kuɗi kafin aiki.

Kotu ta kira zaman sulhu, wanda doka ta wajabta a yi in mai gida yana zaune a gidansa. Na je gabana yana faɗuwa. Sau biyu lauyan banki yana cewa takardunmu ba su iso ba. A na biyun uwargida ta zaro shaidar gidan waya daga jakarta ta ajiye a tebur, lauyan ya yi shiru.

An ba mu biyan gwaji na wata uku, sannan aka tsawaita shekarun bashin, kuɗin wata ya ragu. Jimillar da za mu biya ta ƙaru, wannan yana damuna har yau. Amma yara suna makarantarsu, wasiƙa kuma in ta zo, a bakin ƙofa nake yage ambulan.