Yini guda a garin kan dutse

Yanzu na shigo gida. Cinyoyina sai tsami suke, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan tun yana ɗanye a raina.

Ƙarfe shida da rabi muka tashi, mu 14 a ƙaramar bas, ga direba ga ɗan jagora. Awa biyun farko hanya ce shimfiɗaɗɗiya, rabin motar gyangyaɗi suke. Sai da muka fara hawa kowa ya wartsake. Hanya ta shiga nannaɗewa, kwana kan kwana, direba na danna hon kafin ya sha kowace. Kunnuwana suka toshe. Jagoran ya ce mu haɗiyi yawu ko mu yi hamma, don nauyin iska raguwa yake in ana yin sama, wadda ke cikin kunne kuma tana neman mafita. Ina haɗiyewa kuwa suka buɗe.

Tun jiya ya ja mana kunne mu zo da rigar sanyi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na sauka da kusan digiri 6 da rabi, mu kuwa mun hau wajen 1,500. Da aka buɗe ƙofa iska ta buge ni, na gode Allah da na ji maganarsa.

Garin titi ɗaya ne mai gangare, gidajen dutse a jere, da famfo a tsakiya wanda ruwansa ke zuwa daga idon ruwa can sama. Mun zaga shi cikin rabin awa.

Abin da ya tsaya mini a rai yana bayan gari. Gonaki ne hawa-hawa kamar matakala, kowace da katangar dutse da ke riƙe mata ƙasa. Da ni kaɗai ce, hoto zan ɗauka in wuce. Jagoran ya ce in matso in duba: babu siminti ko kaɗan, duwatsu ne aka jera, kuma da gangan aka bar ƙofofi a tsakaninsu. In ruwan sama ya jiƙa ƙasa, ta nan yake tsiyayewa. Da an liƙe, ruwan zai taru a baya ya ture katangar.

Wani dattijo muka tarar yana gyaran inda ya rufta.

"Sannu da aiki, Baba," na ce, jagoran ya fassara masa.

Ya ɗago, ya nuna mana sama da haɓa. Gonakin can duk ciyawa ta cinye su, masu su sun tafi birni. In katangar sama ta faɗi, ƙasarta kan ta ƙasa take zubowa, shi ya sa yake gyaran har da wadda ba tasa ba. Jikina ya yi sanyi. Ya miƙo mini wani dutse mai faɗi, ya nuna mini gurbi, ya sa na juya shi sau uku kafin ya zauna daram.

A nan aka yi mini ba daidai ba. Minti goma kacal aka ba mu a gonakin, alhali mun ɓata kusan awa guda a shagon tsaraba. Na faɗa wa jagoran haka, ban ɓoye ba.

"Hajiya, a yi haƙuri," ya ce. "Dubi can."

Hadari ne ke haɗuwa a kan tsaunin. Rana kan gasa gangaren tun safe, iska mai ɗumi ta tashi sama ta zama gajimare, shi ya sa ba a son la'asar ta riski mutum a can. A wannan yana da gaskiya. Shagon ne dai ban yafe ba.

Ya ƙirga mu sau biyu, muka gangaro. Direba ya bar motar a ƙaramin giya duk tsawon gangaren don kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa. Yayyafi ya same mu a kwana ta ƙarshe.

Har yanzu akwai jar ƙasa a ƙarƙashin farcena. Dutsen da na sa yana jeri na uku daga ƙasa, dab da inda wata 'yar ciyawa ta tsiro.