Sunan Gidan da Ke Nufin "Allah Ya Raya": Tsarabar Italiya

Gajiyar hanya ba ta gama sakina ba, amma 'yan rumfarmu sun hana ni sakat, kowa ya shigo sai na ɗauko labarin daga tushe. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta, bakina ya huta. Harkar fata ce ta kai mu Italiya ni da Yaya, wajen baje kolin Lineapelle da ake yi a Milan sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba. Wanda ba ya cikin sana'ar zai yi mamakin jin cewa fatar akuya da ta tumaki da ake jemewa a Sharaɗa da Challawa a Kano, da yawanta can take ƙarewa, ta zama takalmin da mu masu fatar ba ma iya saye.

Tun a filin jirgi aka tare mu da rigimar suna. Jami'in da ke duba fasfo, wani matashi mai ɗaurarriyar fuska, ya tambaye ni wane ne wannan da muke tare. Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya jera fasfo ɗinmu biyu ya ce ba gaskiya ba ne, sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba. Ni sunan mahaifinmu nake amsawa, shi kuwa Yaya tun a firamare hedimasta ya rubuta masa sunan unguwarmu, da shi ya girma. Na so in gaya masa a wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, Shagari sunan gari ne, Tafawa Ɓalewa ma haka, amma ko kallona bai yi ba. Ya tsayar da mu a gefe, ba kujera ba sannu, sai da layi ya ƙare ƙarƙaf sannan ya buga hatimi ya turo mana fasfo da bayan hannu. Na cika na yi fam. Yaya ya ce, "Kai, rabu da shi, ba gidansa muka zo ba."

Rashin mutunci dai nasa ne, amma ruɗewar tasa tana da dalili. A wajensu sunan gida, wanda suke kira cognome, ba abin da mutum ke zaɓa ba ne. Tun bayan taron malaman Katolika na Trento da aka rufe a 1563 aka wajabta wa kowace coci ta riƙa rubuta baftisman jarirai da aure a littafi, sunaye suka tsaya cak daga kaka zuwa jika. A ƙofar kowane bene za ka ga jerin maɓallan ƙararrawa, kowanne da sunan gida a jikinsa, babu mai tambayar yaro "ina ne gidan wane". Mace ma ba ta sauya nata bayan aure. An ce sunayen gida a ƙasar sun haura dubu 300.

Milan ba ta burge ni ba sai ta fuskar tsada. Kofin gahawar da za ka sha a tsaye a yuro ɗaya da 'yan canji, in ka kuskura ka zauna a kujerar waje kusa da babbar cocin Duomo sai ya ninka har ka rasa lissafi. A gidan abinci akwai wani kuɗi da suke kira coperto, yuro biyu ko uku kan kowane mutum, kuɗin zama ne da burodin da ba ka ce a kawo ba. Ruwan sha ma sai ka saya. A garinmu mai tuwo da za ta caji kuɗin benci, ranar za ta tashi daga unguwa. Tun ina mayar da komai naira a waya har Yaya ya ƙwace wayar, ya ce in ba haka ba da yunwa zan koma.

Inda tafiya ta yi daɗi shi ne yankin Marche, can gabar tekun Adriyatik. Jirgin ƙasa ya bi da mu ta Bologna, ya faɗa bakin ruwa a Rimini, daga nan Pesaro, Fano, Ancona, teku na hannun hagu kusan duk tsawon hanya. Kudu da Ancona, wajen Civitanova da Montegranaro, nan ne garin dukawansu, gida-gida ƙananan masana'antun takalmi ne. Wani dattijo da ya daɗe yana sayen fatarmu ta hannun dillali, ba mu taɓa ganin juna ba, shi ya ce lallai mu kwana a wajensa. Tafintanmu wani Bahaushen Kumasi ne da ke aiki a masana'antar, mai Hausar Zango da ba ruwanta da bambanta mace da namiji, uwargidan ma "ya ce" yake ce mata.

Mutanen nan sun karrama mu fiye da zato. Uwargidan ta tambayi tafinta tun kafin mu iso abin da Musulmi ba ya ci, ta fasa yin zaitun ɗinsu mai cushen nama da suke alfahari da shi, ta yi mana brodetto, wato farfesun kifi kala-kala da tumatir. Ta wanke wani ɗan kilishi ta shimfiɗa mana a ɗaki don salla, maigidan kuma ya sauke kwalbar giyarsa daga tebur ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Mun fi awa uku a kan abincin rana. Duk sanda na ce na ƙoshi sai ta ƙara.

A falon ne na ga hoton wata tsohuwa a bango, da suna a ƙasa. Maigidan ya ce mahaifiyarsa ce. Na gwada karanta sunan gidansu, harshena ya harɗe: Diotallevi. Tafinta ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ka san me ka faɗa? Allah ya raya ka." Ya rarraba mana shi: Dio Allah ke nan, ti kai, allevi ya raya. Yaya ya ajiye cokali. Kalmar da muke faɗa wa mai jego ranar barka, ita ce wasu mutane a bakin tekun Turai suka mayar sunan zuri'a suna sa hannu da ita a takardar banki.

Nan fa musu ya kaure tsakanin miji da mata, irin wanda da gani sun shekara arba'in suna yinsa. Shi ya ce asalin sunan na yanka ne. Shekaru ɗari bakwai ko takwas da suka wuce, lokacin da jarirai ke mutuwa kamar me, iyaye kan raɗa wa ɗa addu'a a matsayin suna: Diotallevi, ko Diotaiuti wato Allah ya taimake ka, ko Diotisalvi wato Allah ya tsare ka. Ya ce maginin da ya fara ginin wankan baftisma na Pisa, kusa da hasumiyar nan mai karkata, a wajen 1152, Diotisalvi ne sunansa, kuma yana nan rubuce a jikin ginshiƙi. Daga baya jikokin mai irin wannan suna suka riƙe shi ya zama na gida. Har ya ɗaga murya yana cewa a Rimini akwai tsohon gidan sarauta na Diotallevi, fadarsu na nan tsaye, a ƙarƙashinta ma aka tono daɓen Rumawa mai zanen jiragen ruwa da ke gidan tarihin garin.

Ita kuwa ta bar shi ya gama, sannan ta ce wa tafinta ya gaya mana ɗaya rabin. Sunan 'yan tsintuwa ne. Idan aka ajiye jariri a ƙofar coci ko gidan marayu, ba uwa ba uba, mai rubutawa a littafi sai ya ba shi suna, kuma me za ka ce wa irin wannan yaro in ba Allah ya raya ka ba? Ta ce danginsa ba su da ko taga a fadar Rimini. Dattijon ya yi ja har kunne, sannan ya fashe da dariya ya ce duka biyun gaskiya ne, suna ɗaya ne ya shigo ta ƙofa biyu, kuma yau ba mai iya duban mutum ya ce ga ƙofar da kakansa ya biyo sai an tono littafin coci.

Na ba su labarin 'ya'yan wabi. Na ce mu in mace tana haihuwa suna komawa, sai a sa wa na gaba Ajuji ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta kau da kai, ko kuma a ce Abarshi, Barmani, wanda roƙo ne kai tsaye. Abarshi ma ai ya zama sunan gida a wasu wurare. Uwargidan ta sa tafinta ya maimaita mata Ajuji har sau nawa, ta kasa yarda uwa za ta kira ɗanta na juji saboda so.

Sunan ba shi da yawa ko a can. Tafinta ya buɗe mana wata taswirar sunaye a waya, ka rubuta suna ta nuna maka inda masu shi suke. Ɗigon Diotallevi ya taru ne a arewacin Marche, wajen Pesaro da Fano, ya ɗan taɓa maƙwabta, sai wani gungu a Roma inda neman aiki ya kai mutane. Kudancin ƙasar kusan fayau. Da ya rubuta Rossi, wanda ya fi kowane yawa, taswirar gaba ɗaya ta rine. Bayansa akwai Russo da Ferrari, sai Esposito, kuma wannan na huɗun shi ma na 'yan tsintuwa ne.

Maganar ba ta bar kaina ba, don haka da muka je Toskana ganin majemun Santa Croce sull'Arno, na ja Yaya muka tsaya a Firenze, wadda Turawan Ingila ke kira Florence. Akwai wani gida a dandalin Annunziata, Spedale degli Innocenti, gidan jariran da aka yasar. Ƙungiyar masu sana'ar siliki ce ta ɗauki nauyinsa, mai zanen gine-gine Brunelleschi ya zana shi aka fara gini a 1419, jaririyar farko ta shigo a Fabrairun 1445, aka sa mata Agata Smeralda. 'Yan kasuwa ne fa suka yi wannan da kuɗinsu, abin da ya sa na yi ta tunanin ƙungiyoyinmu na kasuwa da abin da muke yi da kuɗin da ake tarawa. A ƙarshen barandar akwai wata 'yar taga mai ƙarafuna, an ƙuntata ta da gangan yadda sai sabon haihuwa ne zai iya wucewa. Ta nan ake miƙa yaro da dare. Ba a rufe ta ba sai 1875.

A gidan tarihin da ke ciki akwai ƙananan durowoyi, kana jawowa ka ga abin da uwa ta maƙala a zanin goyo: rabin kwabo, rabin lambar wuya, guntun ƙyalle. Ɗaya rabin yana hannunta, ko wata rana hali zai yi ta zo ta haɗa ta karɓi ɗanta. Da yawansu ba 'ya'yan gaba da fatiha ba ne, talauci ne kawai. Yaya, wanda tun safe yake mitar kuɗin shiga, ya jawo uku ya fita waje ya jira ni.

Yaran wannan gida sunan gidan ake ba su, shi ya sa Innocenti da Nocentini suka cika Toskana. Kowane gari da nasa. A Milan Colombo ne, wato kurciya, saboda tambarin asibitin da ke karɓarsu. A Roma Proietti, wanda aka jefar. A Bologna Degli Esposti, a Sisili Trovato, wanda aka tsinta. A Napoli Esposito, wanda aka ajiye a fili. Ni dai a ganina akwai tazara mai nisa tsakanin magatakardan da ya dubi jariri ya rubuta "an jefar" da wanda ya rubuta "Allah ya raya ka", duk da cewa alƙalami ɗaya suka riƙe. Gwamnati ma ta gane haka. A 1811 Murat, surukin Napoleon da ke sarautar Napoli, ya hana a ƙara laƙaba wa yara Esposito. Daga nan ma'aikata suka koma ƙirƙiro sunaye daga itatuwa, duwatsu, watanni, duk abin da ya faɗo musu a ka, kuma wannan na cikin dalilan da ya sa ƙasar ke da tarin sunayen da gida ɗaya ko biyu kaɗai ke amsawa. Dokarsu ta yanzu ta hana ba yaron da ba a san iyayensa ba sunan da zai tona asalinsa. Ita dokar ce kuma ta hana ka sa wa ɗanka sunanka kana raye, abin da ya ba Yaya dariya don a gidansa akwai mai sunansa.

A kasuwar fata ta bakin titi a Firenze wani ɗan Bangaladash ya yi mini tayin jaka yuro 120, yana rantsuwa fatar maraƙi ce. Na shinshina, na murza bakin ɗinkin, na ce masa ɓarin ƙasan ƙirgi ne aka shafa wa roba. Ya dube ni ya tambayi sana'ata. A 35 muka rabu, har da ƙarin ɗan walat.

Roma kwana ɗaya muka yi. Kusa da Vatikan, a bangon tsohon asibitin Santo Spirito, akwai irin wannan taga da gangar katako mai juyawa a bayanta, wadda ake dangantawa da Fafaroma Innocent na Uku a wajen 1198. Mutane na wucewa ba mai kallo. Sai a 1923 aka soke irin waɗannan tagogi a ƙasar baki ɗaya, ko da yake yanzu wasu asibitoci sun dawo da su a siffar gadon jariri mai ɗumi da ƙararrawa.

Napoli hayaniya, babura, shanya a saman titi, abinci da araha, nan ne kawai na ji kamar ina gida. Esposito kuwa a jikin shagon mahauci, a ƙofar likita, a motar ɗaukar kaya, kuma ba wanda ya damu. Daga nan muka hau mota zuwa Solofra wajen majeman fatar tumaki, inda suka ce kayanmu na da kyau amma ƙaiƙayi da yankan wuƙa sun yi yawa, suka nemi ragin da Yaya ya ce ko a mafarki. Har muka taso ba a daidaita ba, sun ce mu aiko da samfuri bayan Babbar Salla.