Abin da nake koyo a fannin tsara koyarwa

Ƙishirwar sanin manhajoji ce ta kai ni digiri na biyu a fannin tsara koyarwa da fasahar ilimi. Amma tun zangon farko, tambaya ɗaya malamanmu ke ta nanatawa: me kake so ɗalibi ya iya yi bayan darasi, wanda da bai iya ba?

Muna bin tsarin ADDIE, wanda ya samo asali daga aikin da Jami'ar Jihar Florida ta yi wa sojojin Amurka a 1975: a binciki buƙata, a tsara, a gina, a aiwatar, a auna. Ni dai matakin farko ya fi kwanta mini a rai. Wani lokaci sai bincike ya nuna ma'aikata ba horo suke buƙata ba, kayan aiki ne babu, kuma ko an yi kwas goma ba zai magance wannan ba.

Binciken Richard Mayer kuwa, wani masani kan yadda mutane ke koyo, ya sauya yadda nake haɗa bidiyo. Idan murya na bayanin hoto, sannan aka cika allo da rubutun maganar, hankalin ɗalibi rabuwa yake yi. Darasin da nake ginawa yanzu a Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, hoto ne da murya, rubutu ɗan kaɗan.