Gudajin da na riƙa zubarwa

Watanni ukun farko a ɗakin gwaje-gwaje na yi su ne ina narkar da madara a bututun gilashi, bisa tsarin INFOGEST, wato hanyar kwaikwayon narkewar abinci a cikin mutum, wanda aka wallafa a 2014 aka sabunta a 2019. Ba shi da wuyar bi. Ka zuba ruwan da aka haɗa ya yi kama da na tumbi, ka saukar da ma'aunin tsami na pH zuwa 3 nan take (ƙaramar lamba na nufin tsami mai yawa), ka sa fefsin, wato sinadarin da ke yayyanka furotin, ka bar shi awa biyu a zafin digiri 37. Lambobi na fitowa tsaf, ni kuma ina ganin na iya aiki.

Sai aka ɗora ni kan na'urar da ke kwaikwayon tumbi har da motsinsa: tana murza abinci, tana ɗiga ruwan tsami kaɗan-kaɗan, tana tace abin da ya narke ta rariya. Cikin 'yan mintoci madarar ta dunƙule, ta zama curi mai tauri kamar cuku yana iyo cikin ruwa. Na ce na ɓata. Na zubar, na sake, na kuma zubarwa. A karo na uku malamata ta tare ni.

"Ina za ka kai shi?"

"Malama, ya lalace ne."

"Abin da muka zo gani ke nan kake kai wa shara."

Ashe idan mutum ya sha madara, tsamin cikinsa yakan ja baya tukuna, pH ya haura wajen 6, sannan ya sauko sannu a hankali. A wannan ɗan tsakanin fefsin ke datse gashin da ke kewaye da ƙwayoyin kesin, gashin da ke hana su mannewa da juna. Kesin kuwa shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin madarar shanu. Da an datse gashin sai ƙwayoyin su rungumi juna, su kulle kitse a tsakiyarsu, tun kafin a kai pH 4.6 inda tsami shi kaɗai ke sa kesin gudaji. Furotin ɗin ruwan madara, wato ragowar da ba kesin ba, ya wuce hanji da wuri, curin ya zauna yana zaizayewa daga waje. Bututuna da ke sauka pH 3 lokaci guda yana tsallake duk wannan. Ba laifin tsarin ba ne, an yi shi ne don ɗakunan gwaji daban-daban su iya kwatanta sakamakonsu. Ni ne na ɗora masa tambayar da ba tasa ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne madara ɗaya ta ba da curi iri biyu. Ɗanya takan yi dunƙule mai ƙarfi. Wadda aka yi wa zafi mai tsanani don ta daɗe a kwali takan yi gudaji mai laushi da saurin wargajewa, domin zafin ya sa furotin ɗin ruwa ya manne wa kesin. Takardar jikin kwali ba za ta nuna maka wannan bambanci ba, furotin da kitsen kusan ɗaya ne.

Gaurayen mai da ruwa ma haka. Idan furotin ne ya lulluɓe ɗigon man, tsami da fefsin na iya yaga rigar, ɗigo ya haɗe da ɗigo, mai ya taso sama. Idan lulluɓin bai damu da tsami ba, gaurayen ya zauna yadda yake. Nan na gane cewa samfur daga ƙasan na'ura kaɗai yaudara ne, man na can sama ban taɓa shi ba.

Yanzu kafin in auna komai sai na buɗe na'urar na ciro curin, na ɗora shi a sikeli, na ɗauki hotonsa, na latsa shi da yatsa na rubuta yadda na ji.